Kiran Ɗa Da Haƙƙin Uwa

A watan Fabrairun bara wani saƙon imel ya shigo mini ina tsakiyar aiki. Daga wata ƙungiyar mishan yake. Suka ce abokina, wanda muka yi karatun kimiyyar kwamfuta tare a jami'a, ya nemi shiga aikin bishara na dogon zango a ƙasar Tailan, kuma ya ba da sunana cikin mutum uku da za su yi masa shaida. Na farko fastonsa, na biyu shugabansa a wurin aiki, na uku ni, a matsayin wanda ya san shi ciki da bai sama da shekara goma. Aka haɗo da fom, aka ce in cike tsakanina da Allah, shi ba zai ga abin da na rubuta ba.

Yawancin tambayoyin ba su ba ni wahala ba. Yana riƙe amana? Yaya yake idan ransa ya ɓaci? Yana karɓar gyara? Ana bin sa bashi? A zama ɗaya na amsa su. Sai na iso wata tambaya can wajen ƙarshe: ko ka san wani nauyi na iyali da zai iya shafar tafiyarsa? Wurin da aka bari don amsa bai fi layi uku ba.

Abokina ɗan fari ne. Mahaifinsu ya rasu muna aji biyu a jami'a. Mahaifiyarsa tsohuwar malamar firamare ce, ta haura shekara 65, tana fama da ciwon sukari da hawan jini, fanshonta kuwa yau a biya gobe a yi shiru. Ƙannensa biyu mata ne, ɗaya tana aure a Fatakwal, ɗaya tana makarantar koyon aikin jinya. Shi ke sayen magani, shi ke ɗaukar tsohuwar a mota ya kai ta asibiti duk farkon wata. Kwana tara fom ɗin nan ya yi a buɗe a kwamfutata ban cike wurin ba.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka mutum ne kawai zai tashi ya ce Allah ya kira shi, ya ɗauki jaka ya hau jirgi. Abin ya wuce haka. Ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi sukan shafe shekara guda, wani lokaci fiye, suna tankaɗe da rairayar mai nema. Zai rubuta tarihin bangaskiyarsa da abin da ya gaskata. Likita zai duba shi. Wani masanin halayyar ɗan Adam zai zauna da shi ya gwada ko zai jure kaɗaici da baƙunta. Idan da mata, ita ma za a gana da ita ita kaɗai, don a tabbatar ba jan ta ake yi ba. Dole ikkilisiyarsa ta yarda ita ce mai aike, kamar yadda littafin Ayyukan Manzanni sura 13 ya nuna ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a kafin ta sallami Bulus da Barnaba. Sai horo a kan Littafi Mai Tsarki da zama cikin al'adar da ba taka ba. Sai neman masu tallafi, domin a yawancin waɗannan ƙungiyoyi babu albashi daga sama, mutum ne zai bi coci-coci da gida-gida yana neman waɗanda za su yi alkawarin ba da wani abu duk wata. Ga wanda masu tallafinsa da naira suke bayarwa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne: dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ma'ana alkawarin da aka yi maka jiya ya zube ya koma kashi ɗaya cikin uku. Idan duk an tsallake wannan, aka samu biza aka isa, sai a zauna koyon harshe. Harshen Tailan yana da baƙaƙe 44 da karin murya iri biyar. Abokina yakan yi dariya ya ce Bahaushe ya riga ya san bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya, don haka ya ɗara Bature da taki ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ni na yaba da wannan shiri.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an auna jininsa, an auna hankalinsa, an auna aljihunsa, an tambayi matarsa. Uwar da ta haife shi kuwa layi uku aka ware mata, kuma ni aka tambaya, ba ita ba.

Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: idan mutum ya ce ya miƙa rayuwarsa hadaya, rayuwar tasa ce shi kaɗai? Akwai abin da yake naka kai ɗaya. Albashinka mai tsoka, motarka, jin daɗin zama cikin masu jin yarenka, har da lafiyar jikinka. Idan ka ajiye waɗannan saboda abin da ka gaskata, babu mai cewa ka zalunce shi. Amma akwai abin da yake a hannunka alhali wasu suna da rabo a ciki. Kasancewarka kusa tana cikin irin wannan. Ranar da ciwo ya tashi da ƙarfe biyun dare, akwai lambar da tsohuwa take kira. Idan mai lambar ya koma inda agogo ya riga namu da awa shida, inda sai an yi kwana a hanya ta Adis Ababa ko Doha kafin a iso, to an cire wani abu daga rayuwarta. Shi za a ɗora wa hannu a gaban ikkilisiya a yi masa addu'a. Ita za ta koma gida ta biya rabin kuɗin, ba tare da sunanta ya fito a wasiƙar addu'a ba.

A sana'armu ta rubuta manhaja akwai wata doka da kowa ya koya da ciwo. Kafin ka cire wani ɓangare daga tsarin da yake aiki, sai ka binciko duk abin da ya dogara da shi. Na taɓa goge wani ɗan guntun aiki da na ɗauka ba ya da amfani, washegari aka wayi gari saƙonnin biyan kuɗi sun daina fita. Niyyata gyara ce, amma niyyar ba ta aika saƙo ko ɗaya ba. Mutum ma haka yake a cikin danginsa, sai dai shi ba a mayar da shi da danna maɓalli.

Tarihin aikin mishan cike yake da wannan tambaya, ko da yake ba a cika karanto ta a kan bagade ba. A 1793 William Carey, wanda ake kira uban aikin mishan na zamani, ya tashi daga Ingila zuwa Indiya. Matarsa Dorothy da farko ta ƙi tafiyar, tana da tsohon ciki, ba ta taɓa nisa da yankinsu ba. Daga baya aka shawo kanta. Shekara guda da isarsu, ɗansu Peter mai shekara biyar ya rasu. Dorothy ta samu taɓin hankali, ba ta warke ba har ta rasu a 1807. Carey ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Bengali da wasu harsunan Indiya, yana cikin waɗanda suka yi ta kuka har aka haramta ƙona gwauruwa tare da gawar mijinta a 1829, kuma bai sake taka Ingila ba har mutuwarsa a 1834. Aikin ya yi albarka, babu musu. Amma ban ga yadda albarkar ta biya Dorothy ba. Ita ba ta ce an kira ta ba.

Shekara ɗari cif bayan haka, a watan Disambar 1893, wasu samari uku suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasarmu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jiki, ya sake gwadawa ya kasa, sai a karo na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga nan ne ƙungiyar SIM ta tsiro, wadda ta haifi ikkilisiyar ECWA a 1954. A wannan labari akwai uwa, amma matsayinta daban ne. Mahaifiyar Gowans ce da kanta ta zaunar da Bingham a gidanta a Toronto ta yi masa bayanin ƙasar da ɗanta yake son zuwa, har ya yanke shawarar bin sa. Bayan rasuwar ɗan nata ma ba ta janye hannu ba. Ita ma ta yi rashi, amma da idonta a buɗe ta shiga. Tsakanin matan nan biyu akwai tazara mai yawa, kuma a cikin tazarar nake ganin amsar take.

To amma kada in yi wa abokina rashin adalci, domin akwai hujjoji masu nauyi a ɓangarensa.

Na farko, idan aka ce kowa ya jira sai ranar da babu mai dogara da shi, babu wanda zai tafi ko'ina. Yau uwa ce, gobe 'ya'ya, jibi jikoki. Ni da nake wannan rubutu ina karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa saboda wasu, irin su Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa, sun bar iyayensu suka zauna a nan har aka buga cikakkiyar fassara a 1932. Asibitin Galmi da ke Nijar, wanda aka buɗe a 1950, yana karɓar marasa lafiya daga ɓangarorin iyaka biyu, Musulmi da Kirista. A Miyango kusa da Jos akwai maƙabartar 'yan mishan, har da ƙananan kaburbura na yara. Ba daidai ba ne in ci moriyar hadayar wasu, sannan in ce idan abin ya zo gidanmu a rufe ƙofa. Kuma tuni 'yan ƙasa suka karɓi aikin: ƙungiyar EMS ta fara aika masu bishara tun 1948, CAPRO kuma ta soma a Zariya a 1975.

Na biyu, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da abokina aikin kamfani ya samu a Kanada, da walima za a yi. Babu wanda zai tambayi wa zai kai Mama asibiti, saboda an san dala za ta riƙa zuwa. 'Yan'uwanmu ma'aikatan jinya nawa suka tafi Ingila suka bar tsofaffi a gida, muna taya su murna? Idan tafiyar neman kuɗi halal ce a idonmu, tafiyar da ba ta kawo kuɗi kuma ta zama rashin tausayi, to ashe ba kewar uwar ce ta dame mu ba, lissafi ne. Ni kaina ina zaune a Abuja, mahaifina yana gida, sau biyu nake ganin sa a shekara, sauran kuma sai dai ya ji ƙarar shigar kuɗi a waya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na uku, wanda shi ne abokina ya fi riƙewa, Yesu Almasihu da kansa ya yi maganganu masu tsauri a kan wannan. A Luka sura 14 ya nuna cewa bin sa yana gaba da uba da uwa da mata da 'ya'ya. A sura 9 wani ya roƙi a bar shi ya je ya binne mahaifinsa tukuna, ba a ba shi wannan dama ba. Wanda ya ɗauki waɗannan da gaske ba za a ce masa ya ƙirƙiro wani abu ba.

Sai dai littafin bai tsaya nan ba. A Markus sura 7, Yesu ya tsawata wa malaman da suka koya wa mutane cewa idan ɗa ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya keɓe wa Allah, to ya fita daga nauyinsu. Ya kira wannan soke umarnin Allah da al'adar mutane. A Yohanna sura 19, yana kan gicciye, a tsakiyar aikin da ya zo yi, ya dubi mahaifiyarsa ya danƙa ta a hannun wani almajiri takamaimai, wanda ya kai ta gidansa tun daga lokacin. Bai fasa aikin ba, bai kuma ce Allah zai kula da ita ya yi shiru ba. Kuma a cikin Luka 14 ɗin nan da abokina yake karantowa ne aka kawo misalin mai gina hasumiya da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya haƙa tushe. Na ba wani abokin aikina Musulmi labarin a gurguje, sai ya tuna mini hadisin mutumin da ya zo wurin Annabi Muhammadu (SAW) neman izinin fita jihadi, aka tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce e, aka mayar da shi ga hidimarsu. Addinanmu sun bambanta a abubuwa da yawa, amma kowanne ya san wannan jarabawa: mutum ya fake da aikin Allah ya tsere wa aikin da Allah ya riga ya ajiye masa a tsakar gida.

Wani zai ce, to ai maganar mai sauƙi ce, a tambayi uwar, idan ta yarda shi ke nan. Abokina ma haka ya ce: ya tambaye ta, ta sa masa albarka. Amma duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san nauyin irin wannan amincewa. Tsohuwar da ta yi shekara arba'in a zumuntar mata, ɗanta ya durƙusa ya ce Allah ne ya kira shi, da wane baki za ta ce a'a? Ga kunya ta ɗan fari, ga kara, ga tsoron kada a ce ta tare wa Allah hanya. Amincewar da babu damar ƙin ta, rabin amincewa ce.

A rana ta bakwai na shiga mota na je na gaishe ta. Na same ta tana tsince wake a tire. Bayan gaisuwa na ce, “Mama, an ce in yi wa abokina shaida a kan tafiyar nan. Na ce bari in ji daga bakinki.”

Ta ce, “Ɗana, wanda ya ba ni shi ne ya nema. Ni wace ce?” Ba ta faɗi sunansa ba, ba ta taɓa faɗa a gabana ba.

Na ce, “Haka ne, Mama. To asibitin farkon wata fa?”

Ta yi shiru tana juya waken. Can ta ce, “Ban tambaye shi ba. Kada ya ga kamar ina riƙe masa ƙafa.” Ta ƙara da cewa abin da yake hana ta barci ba maganin ba ne, auren ƙaramar ne, wa zai tsaya a matsayin uba. Sannan ta roƙe ni kada in gaya masa ta faɗi haka.

Wannan roƙo ya jefa ni wani rami. Na ce mata ba zan kai masa maganarta ba, amma zan gaya masa abin da idona ya gani, ta ce to. Da dare na kira shi na ce, “Mutumina, zan rubuta gaskiya a fom ɗin nan. Na ga ya fi kyau ka ji daga bakina.” Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ya ɗauka ni mai goyon bayansa ne, ya ce bangaskiyata ta zama ta lissafi. Na ce masa wataƙila haka ne, amma ya gaya mini sunan wanda zai kai Mama asibiti ranar ɗaya ga wata bayan ya tafi. Ya ce Allah zai tanada. Na ce na yarda, ta hannun wa? Ya kashe waya.

Abin da na rubuta bai wuce layi ukun ba. Na ce ban san wanda ya fi shi cancanta ba, na ce shi ne ginshiƙin mahaifiyarsa mai rashin lafiya, kuma a iya sanina ba a tsara yadda za a kula da ita ba tukuna.

Ga inda tunanina ya tsaya. Ban yarda iyaye suna da ikon soke kiran ɗansu har abada ba, domin akwai iyayen da ba za su taɓa sakin ɗa ba ko da suna da masu kula da su goma. Ban kuma yarda kira yana goge haƙƙi ba. Wanda zai tafi, ana bin sa abu uku kafin ya ɗaure kaya. Ya gaya wa waɗanda za su biya tare da shi gaskiyar farashin, shekara nawa, sau nawa zai zo, ba a dunƙule ba. Ya ajiye musu mutum mai suna da kuɗi mai adadi, yadda aka yi a gindin gicciye, domin “ikkilisiya za ta kula” ba ta tuƙa mota. Ya kuma bar ƙofar dawowa a buɗe, ya yanke tun yanzu wane hali ne idan ya faru zai ajiye aikin ya komo, ba tare da ya ɗauki hakan a matsayin ja da baya ba. Ikkilisiyar da ta ɗora masa hannu ita ma ta ɗauki bashin, don wanda ya aiki ɗan wani ya gaji uwarsa.

Ƙungiyar ba ta ƙi shi ba. Ta ɗage tafiyar da shekara guda, ta ce a sa kuɗin maganin mahaifiyarsa cikin abin da zai tara duk wata, ta kuma nemi dattawan ikkilisiyarsu su zauna da dangi. Wani ƙanen mahaifinsa ya karɓi maganar auren ƙaramar. Wani dattijo mai mota ya karɓi asibiti, ni kuma na karɓi watannin da ba ya nan. Wata uku abokina bai kira ni ba, sai ranar nan ya turo mini hoton baƙaƙen Tailan da ya rubuta da hannu, ba tare da ya ce komai ba.

Duk da haka ba zan ce an warware komai ba. Zumunta a ƙafa take, kuma akwai abin da ba a wakilta. Dattijo zai iya kai ta asibiti, amma ba shi take so ta gani a bakin gado ba. Mai yiwuwa ne ranar da za a sa ta a ƙasa ɗanta yana filin jirgin Adis Ababa yana jiran canji. Ya san haka yanzu, ita ma ta san ya sani, kuma sun yi maganar baki da baki, abin da ba su yi ba a da. Makon jiya da na je ɗaukar ta, na tarar ta sa jikarta ta nuna mata Tailan a taswirar waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko ana samun dawa a can.